DAMO DA GUZA A GONARKA

Manoman Wurno, Rabah da Goronyo sun san damo da guza. Damo na tudu ne, guza kuwa ba ta nisa da ruwa. Za ka gan ta a bakin gulbin Rima, da hanyoyin ban ruwa na Wurno, da gefen madatsar ruwa ta Goronyo wadda aka gama a 1984. Wasu na kashe su don nama ko fata, wasu don haushin kaji. Kafin ka ɗaga sanda, ga abin da ya kamata ka sani.

ZAFI DA CI

Jikin waɗannan dabbobi ba ya yin ɗumi da kansa kamar na akuya. Sai sun sha hantsi. Idan jikinsu ya kai wajen digiri 30 zuwa 35, a nan ne suke farauta, abinci kuma ya narke. In da sanyi, ko sun ci ba ya narkewa da wuri. In zafi ya wuce kima, kamar na watan Afrilu da kan haura digiri 40, sai su shige rami.

Tun da ba sa ƙona abinci don ɗumama jiki, kaɗan ya ishe su. Da damina damo yana cin fara, gyare, ƙadandoniya, kunama da katantanwa, ya tara kitse a ciki da wutsiya. Da rani sai ya kwanta wata da watanni, kitsen nan ne guzurinsa. Ba a banza ake ce masa sarkin haƙuri ba.

RIBA DA ƁARNA

Yawancin abin da damo ke ci maƙiyan shuka ne, don haka ɗan ƙwadago ne da ba ka biya. Guza tana cin kwaɗi, ƙaguwa, ɓeraye da katantanwa, amma in ta samu ƙwai ko 'yan tsaki ba ta bari.

ABIN DA ZA KA YI

1. Ka ɗaga akurki daga ƙasa, ka toshe ramuka, ka sa waya a ƙofa.
2. A kwashe ƙwai da sassafe, kafin rana ta gasa guza ta fito.
3. Daga hantsi zuwa la'asar kada a bar 'yan tsaki su nufi fadama.
4. Kada ka zuba guba. Kaji da karnuka za ta fara kashewa.
5. Kada ka ƙona daji bayan kaka.
6. Ka hana yara kulle damo cikin duro. Ba shi da inuwar gudu, rana za ta kashe shi.

Ka tuna, dokar kare namun daji ta 1985 ta sa damo da guza cikin dabbobin da ake karewa. In ɓarna ta yi yawa, ka ga malamin gona na yankinku.