Famfo Ya Ƙi Tashi: Abin da Ke Hana Raspberry Pi Jin Umarni

A yankin Kibiya da Rano, inda noman rani ke dogara da injin ban-ruwa da famfon sola, duk matashin da ya taɓa riƙe Raspberry Pi tunaninsa ɗaya ne: ya haɗa 'yar kwamfutar nan da famfo, ya riƙa tada shi daga wayarsa yana zaune a gida. Sai ya kwafo kod daga intanet, ya jona rile, ya danna. Shiru. Ga kuma tumatir na jiran ruwa.

Sau tari laifin ba na waya ba ne, ba na rile ba. Ƙafafun GPIO suna karɓar umarni ne ta wasu 'yan gurabe a cikin guntun kwamfutar da ake kira rajista, kowanne da adireshinsa. Tsofaffin kod suna zuwa kai-tsaye su rubuta a can ta ƙofar /dev/mem, ita kuwa Linux ba ta buɗe wannan ƙofa sai ga mai izinin root. Wannan tsaron ne dai ke hana manhajojin Android taɓa kyamara ko batir yadda suka ga dama.

Ko an sami izinin, akwai tarkon da ya fi kama mutane: adireshin ya sha ƙaura. A Pi na farko da ya fito a 2012, yankin rajistocin yana farawa ne daga 0x20000000. A Pi 2 da Pi 3 ya koma 0x3F000000, a Pi 4 kuma 0xFE000000. Littafin bayanin guntun ma 0x7E000000 ya rubuta, wanda ba shi ne ake ba mmap ba. Kod ɗin da aka rubuta don tsohon allo zai iya gudana ba tare da ƙorafi ba, alhali ƙofar gidan wani yake ƙwanƙwasawa. In an yi rashin sa'a ya rubuta a wurin da bai kamata ba, kwamfutar ta daskare.

Masu rubutu da C kuma su duba kalmar volatile. In babu ita, manhajar da ke fassara kod ɗin kan ɗauka maimaita karatu daga wuri ɗaya ɓata lokaci ne, ta share shi.

Pi 5 na 2023 ya canza wasan gaba ɗaya, domin ƙafafun sun koma ƙarƙashin wani guntu daban, RP1. Tsohuwar RPi.GPIO ba ta aiki a kansa. Gaskiyar magana, don tada famfo sau biyu a rana babu mai buƙatar taɓa rajista da hannunsa. Libgpiod ko gpiozero sun wadatar, su ne ke roƙon Linux ta yi aikin.

Kafin a zargi kod ma, a ɗauko mita a auna ƙafar. Bolt 3.3 take bayarwa, rile da yawa na kasuwa kuwa 5 suke so, kuma in 5 ɗin ta koma cikin ƙafar, allon na iya ƙonewa.