Maganar Jan Mota Daga Bakin Titi

Zuwa ga Edita,

 Ina roƙonka ka ba ni ɗan fili in yi magana da 'yan'uwana masu motoci da direbobi a kan wani al'amari da ke tashe a manyan garuruwan Nijeriya, watau mutum ya ajiye motarsa a bakin titi, ya shiga kasuwa ko masallaci, ya fito ya tarar wayam, an ɗaure ta a bayan janwe an tafi da ita. Galibin mutane in abin nan ya same su ɗayan biyu su kan yi, ko su kama zagi, ko su sa hannu aljihu su shiga lallashi. Duka biyu kuwa rashin sanin doka ke kawo su.

Bari in fara da gaskiyar da ba za ta yi wa waɗansu daɗi ba. Titi na jama'a ne. Wanda ya gicciye motarsa a ƙofar asibiti, ko a kan gada, ko a kwana inda mai zuwa ba ya hangensa, ko kuwa babbar motarsa ta lalace ya bar ta kan hanya dare da rana, ya kare ta da ganye da duwatsu, to, ni ban ga abin da zai ce ba in an ja ta. Sau nawa mota ta afka wa irin waɗannan da dare aka yi hasarar rayuka? Saboda haka ba jan motar na ke ƙi ba. Abin da na ke so a gane shi ne, kaki da hula ba su ne ke ba mutum ikon taɓa dukiyar wani ba, doka ce rubutacciya.

Ga tushen maganar. Tsarin Mulki na 1999, a sashe na 44, ya hana a karɓe dukiyar mutum bisa tilas sai ta hanyar da wata doka ta shimfiɗa. Sashe na 36 kuma ya ce ba a kama mutum da laifi sai an rubuta laifin nan a doka, an kuma rubuta horonsa, kuma kowa marar laifi ne har sai an tabbatar da laifinsa. To, duk wanda ya ja motarka, tambaya biyu ke kansa: wace doka ta hana tsayawa a nan, wace doka kuma ta ba ka, kai, ikon ɗauka?

Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, wadda aka kafa a 1988, tana da amsa. Dokarta ta 2007, a sashe na 10, ta ba ma'aikatanta iko su kawar da motar da aka ajiye yadda ta tare hanya, su tsare ta, mai ita ya riƙa biyan naira 200 kowace rana, ban da tarar laifin. A lura da kalmar, an ce wadda ta tare hanya. Ba kowace mota da ke tsaye a gefe ba. Kuɗin kwanan ba wani abu ba ne a yau, gama ko ta yi wata shida bai wuce wajen naira 36,000 ba. Haɗarin yana wani wuri: in wata shida ya cika mai mota bai zo ya karɓa ba, dokar nan ta yarda Hukumar ta je Babbar Kotu ta nemi a mallaka mata motar, a yi gwanjonta, kuɗin ya shiga baitulmalin Gwamnati. Ko nan ma dubi, sai da izinin kotu.

Sa'an nan akwai maganar wace hanya ce. A 2023 Kotun Ɗaukaka Ƙara da ke zama a Asaba ta yanke cewa ikon Hukumar nan a kan hanyoyin Gwamnatin Tarayya ya ke. Titunan cikin gari kuwa jihohi sun kafa nasu ma'aikatan da nasu dokokin, kamar LASTMA a Ikko tun 2000, da KAROTA a Kano tun 2012. Don haka abin da ya halatta a wannan gari ba lalle ne ya halatta a wancan ba, kuma direban da ke yawon fatauci tsakanin jihohi ya kamata ya riƙe wannan.

Wani zai ce, ai duk wannan a takarda ne, wa ya taɓa kai Gwamnati ƙara ya ci? To, an yi. A Abuja an taɓa ɗora wa mutane biyan kuɗin ajiye mota a bakin titi, aka ba kamfanoni aikin karɓa, wanda bai biya ba a sa wa ƙafar motarsa mari ko a ja ta. A 2014 Babbar Kotun Abuja, a gaban Mai Shari'a Peter Affen, ta ce tsarin nan haramtacce ne, domin ba wata doka da ta kafa shi. Ba ta ce shirin ba shi da amfani ba, cewa ta yi ba shi da doka. Haka kuma ran 2 ga Oktoba 2024 Babbar Kotun Tarayya ta Abuja, a gaban Mai Shari'a Evelyn Maha, ta hana ma'aikatan duba motoci na Abuja, waɗanda a ke kira V.I.O., tsare motoci da cin mutane tara, ta ce ba dokar da ta ba su ikon haka, kuma kotu ce ke cin tara. Nan da nan Gwamnatin Ikko ta fito ta ce hukuncin nan bai shafe ta ba, don ita tana da tata dokar ta 2018. Kun ga ita ma da doka ta kare kanta.

Yanzu me mutum zai yi in an ja tasa? Farko ya tabbatar ja aka yi ba sata ba, gama ɓarawo ma ya iya ɗaura igiya. Ya tambayi masu kanti da masu tebur na wurin irin kayan da ma'aikatan suka sa da inda suka nufa. Kafin ya bar wurin ya ɗauki hoto da wayarsa, ya nuna akwai allon hana tsayawa ko babu, ya sami mutum biyu da za su yarda su ba da shaida. Wannan aikin minti biyar ne, amma gobe ba shi yiwuwa.

In ya isa ofis, kada ya ta da murya, kada kuma ya tasam ma ƙwace motar da ƙarfi, don hana ma'aikaci aikinsa laifi ne dabam. Ya nemi takardar laifi, wadda aka rubuta sunan laifin da kuɗinsa da lambar motar a kanta. In zai biya, ya biya ta banki cikin asusun Gwamnati, ya karɓi rasit. Kuɗin da aka miƙa hannu da hannu a bayan ofis ba shi da shaida, mai bayarwa da mai karɓa duk sun yi laifi, kuma shi ke sa gobe a sake jan ta wani. Kafin ya fitar da motar ya zagaya ta a gaban ma'aikacin, ya dubi fitilu da batir da safaya da kayan da ya bari a ciki, in wani abu ya ɓace ko ya fashe a rubuta nan take.

A nan sai in ɗan kauce in yi wa masu sayen mota ta hannu gargaɗi. Da yawa su kan yi shekaru suna tuƙi da takardun da ke ɗauke da sunan wanda ya sayar musu, ba su sake suna ba don ƙyashin 'yan kuɗi. Ran da aka tsare motar aka ce kawo shaidar taka ce, sai a shiga neman mutumin da watakila ya bar gari ko ya riga mu gidan gaskiya, kwanaki kuwa suna ta tafiya. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Wanda ya tabbata bai yi laifi ba, yana da iko ya ƙi amsa laifin ya ce a kai shi gaban majistare, ko kotun tafi-da-gidanka, a kawo shaida. Amma ni shawarata ga mai motar haya, wanda abincin iyalinsa ke kan ƙafa huɗun nan, ita ce ya fanshi motarsa tukuna, ya rubuta wa shugaban ofishin takarda cewa ya biya ne ba don ya yarda da laifin ba, ya ajiye kwafe, sa'an nan ya bi hakkinsa. Mota tana tsaye a rana tana lalacewa, shari'a kuwa ba ta sauri.

Hanyar bin hakki biyu ce. Akwai Hukumar Sauraron Koke-koken Jama'a, wadda aka kafa a 1975, tana da ofis a kowace jiha, ba a biyan ko kwabo, sai dai ba ta shiga maganar da ke gaban kotu. Akwai kuma Babbar Kotu, inda sashe na 46 ya ba wanda aka tauye wa hakki dama ya kai kuka, a umurci a sake masa mota, a biya shi diyya in ya cancanta. Mai niyyar haka ya ga lauya da wuri, domin akwai wata tsohuwar doka mai kare ma'aikatan Gwamnati wadda ta ƙayyade wata uku ga mai son ƙararsu kan abin da suka yi a bakin aiki. Ƙarar tauye hakkin ɗan Adam ce kaɗai ƙa'idojin 2009 suka ce wa'adi bai kashe ta, kuma lauya ne zai san wadda ta dace da maganarka a cikin biyun.

Haza wasalam.