Ƙofa Ɗaya, Manzanni Barkatai: Abubuwan Mamaki Bakwai a Garkuwar Jiki

Duk wanda ya tashi a Kalmalo ya san hada-hadar iyakar Illela da Birnin Ƙonni: fatake daga ko'ina, mashiga kuwa ɗaya. Haka abin yake a jikinmu. Ƙwayoyin garkuwa suna aika wa juna saƙo ta wasu ƙananan furotin da masana ke kira saitokin, kuma sau da yawa manzanni daban-daban a ƙofa guda suke sallama.

1. Jikinka ne ke hura wutar zazzaɓi. Idan ƙwayar cutar cizon sauro ta fasa jajayen ƙwayoyin jini, garkuwa takan saki manzanni irin su TNF, IL-1 da IL-6. Su ne ke sa ƙwaƙwalwa ta ɗaga zafin jiki, har yaro ya kama makyarkyata da rana tsaka.

2. Manzo shida, ƙofa ɗaya. IL-2, IL-4, IL-7, IL-9, IL-15 da IL-21 duk suna tarayya a furotin guda da ake kira sarƙar gamma. Abin da ya hana saƙonsu cakuɗewa shi ne kowanne yana da nasa mai masauki a jikin ƙwayar, wanda ke tarbarsa ya haɗa shi da ƙofar. Kamar dai a kara, inda baƙo kan yi ciniki ta hannun dillalinsa.

3. Yaron da ya rayu cikin rumfar roba. An haifi David Vetter a Amurka a 1971 ba shi da garkuwa, ya yi kusan duk rayuwarsa a killace, ya rasu a 1984 yana ɗan shekara 12. Sai a 1993 aka gano cewa lalacewar sarƙar gamma ce ke kawo irin wannan ciwo. Ƙofa ɗaya ta toshe, saƙo shida suka tsaya. Daga uwa ake gadonsa, kuma 'ya'ya maza yake kamawa.

4. Riƙo ya fi riƙo. A 1957 Alick Isaacs da Jean Lindenmann suka gano intaferon a Landan, manzon da ke shelar shigowar bairos. Ɗan Adam yana da nau'in alfa har 13, ga kuma beta, duk ƙofarsu ɗaya. Bambancinsu yana ga ƙarfin riƙo: beta ya fi danƙe ƙofar tamau, shi ya sa umarninsa kan sha bamban.

5. Ɓarawo da jabun wasiƙa. Bairos ɗin da ke jawo sankarar Kaposi, wadda ta fi addabar masu ƙanjamau, yana ƙera nasa IL-6 na bogi. Wannan jabu kan buɗe ƙofar IL-6 mai suna gp130 kai tsaye, ba ruwansa da mai masauki.

6. In shela ta yi yawa. Wasu masu korona yawan saƙon garkuwa ne ya ragargaza musu huhu. A watan Yuli na 2021 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar a yi wa waɗanda ciwon ya tsananta amfani da tocilizumab, maganin da ke toshe mai masaukin IL-6.

7. Ƙofar da ba mu da ita. A kan jajayen ƙwayoyin jini akwai furotin mai suna Duffy, wanda aka gano a 1950, mai karɓar manzanni iri-iri. Ta nan ƙwayar zazzaɓin cizon sauro nau'in vivax ke kutsawa. Galibin mutanen Afirka ta Yamma ba su da shi a jajayen ƙwayoyinsu, shi ya sa vivax, da ke wahalar da Indiya da Pakistan, da ƙyar yake samun gindin zama a ƙasar Hausa. Wannan gado ne mai daraja da ke gudana a jininmu. Sai dai nau'in falciparum, wanda ke kwantar da yaranmu kowace damina, yana da mashigai da dama, bai damu da wannan ƙofa ba. Shi kam, gidan sauro da gwajin jini da wuri ne shingensa.