Nauyin Shafin Intanet da Haƙƙin Mai Ƙaramar Waya

Unguwannin da ke kudancin kogin Kaduna, daga Kakuri da Makera har Barnawa da Sabon Tasha, sun ginu ne a kan albashin ma'aikata tun daga buɗe masaƙar KTL a 1957, kuma da masaƙun suka durƙushe ɗaya bayan ɗaya, ita KTL ɗin a 2002, sai 'ya'yan ma'aikatan nan suka taso da ilmin boko a hannu, babu inda za su kai shi. Daga cikin sana'o'in da suka runguma akwai gina shafukan intanet, musamman bayan da Sanusi Ismaila ya buɗe cibiyar CoLab a Barnawa a 2016, inda mai neman ilmi ke samun wuta da intanet da abokan muraja'a a wuri guda.

Abin da ya fi rinjaye a karatun nasu shi ne React, kayan aikin gina shafi wanda kamfanin Facebook ya fitar a 2013, da 'yan'uwansa na JavaScript. Musabbabin haka kuwa a fili yake, domin shi masu ba da aiki a Turai da Amurka suke tambaya, su ne kuma ke biya da dala, alhali kuwa naira ta faɗi warwas tun daga tsakiyar 2023. Babu mai adalcin da zai zargi matashin da ya bi inda halalinsa yake, kuma gidaje da yawa sun ga fa'idar wannan kuɗi.

Amma illar tana bayyana ne sa'ad da maginin nan ya juyo ya yi wa makarantar kuɗi a Narayi shafi, ko wani kantin magani a unguwar Television, ya kwaso salon da aka tsara domin mai babbar kwamfuta da intanet maras yankewa: manyan hotuna, da bidiyo mai kunna kansa, da tarin JavaScript wanda dole sai waya ta sauke shi duka, ta sarrafa shi, kafin kalma ɗaya ta fito. Uwar da ke son duba kuɗin zangon karatu a wayarta ta Itel, tana tsaye a bakin titi sabis yana zuwa yana ɗaukewa, ba ta ganin komai sai farin allo da wata da'ira tana ta juyawa, datarta kuwa tana zurarewa, bayan ga shi hukumar sadarwa ta NCC ta amince da ƙarin kashi 50 cikin ɗari a farashin kira da data a Janairun 2025. Sai ta rufe, ta kira malamin aji. Wannan israfi ne da dukiyar wanda bai ba da izini ba, kuma natijarsa ita ce mai makaranta ya yanke hukuncin cewa shafi ba shi da amfani, ya koma WhatsApp da Instagram, inda sunayen abokan hulɗarsa ke hannun wani kamfani da ba zai taɓa jin kukansa ba ranar da aka rufe masa asusu.

Akwai kuma mas'alar haruffa masu lanƙwasa, ɓ da ɗ da ƙ, waɗanda kyawawan salon rubutu da yawa ba su ɗauke da su, har ka ga kalmar Hausa da harafi guda ya bambanta da sauran, ko ɗan akwati ya maye gurbinsa, alhali salon Noto na Google yana da su, kyauta kuma.

Maganin nauyin shafi ba sabo ba ne a wurin masana fannin. Tun 2009 Luke Wroblewski ya yi kira da a fara tsara shafi domin waya kafin kwamfuta, Ethan Marcotte kuma ya bayyana a 2010 yadda shafi ɗaya zai daidaita kansa da kowane allo. Ma'aunin Google ma ya sa daƙiƙa biyu da rabi a matsayin iyakar jiran babban abin da ke shafi. Saboda haka ne masu React da kansu suke komawa ga haɗa shafi tun a uwar garke, a aiko wa waya da shi a dafe, a kuma matse hotuna zuwa tsarin WebP. A ganina, ya wajaba malaman da ke horar da matasa a Barnawa su ajiye waya mafi araha a kan tebur, kada a ce aiki ya kammalu sai ya buɗe a cikinta da datar da ɗalibi ya saya da kuɗinsa, tun da mai ba da aikin na Turai ma saurin nan yake nema yanzu.