Kar lambobin jikin kwalin saun kad su ruɗe ka

Duk wanda ya shiga kasuwa neman saun kad, wato ƙaramin akwatin nan da ake jona wa makirfo ya kai murya cikin kwamfuta, abin da mai shago zai fara nuna masa shi ne rubutun jikin kwali: 24-bit/192kHz. "Ai wannan, Yallaɓai, irin na manyan situdiyo ne." Masu waƙa a ɗaki, ɗaliban da ke naɗar karatun malaminsu, masu haɗa tallan rediyo da masu ɗora wa fim murya, da yawansu sun ƙara kuɗi saboda lambobin nan, suka koma gida murya ta fito yadda ta saba fitowa. Lambobin ba ƙarya ba ne, sai dai aikinsu bai kai inda ake kai shi ba.

Sauti girgizar iska ce. Makirfo yana mayar da ita wutar lantarki mai hawa da sauka, shi kuma saun kad yana auna wutar sau dubbai a kowane sakan, yana rubuta kowane awo da lamba. In an ce 44.1kHz, ana nufin awo 44,100 a sakan ɗaya. Akwai ƙa'ida mai ɗauke da sunan Harry Nyquist da Claude Shannon, injiniyoyin sadarwa a Amurka, wadda ta nuna cewa sauti mafi siriri da za a iya kamawa bai wuce rabin yawan awon ba. Kunnen yaro mai lafiya yana tsayawa ne a girgiza 20,000 a sakan, kuma da shekaru yake ta raguwa. Ke nan awo 44,100, wanda Sony da Philips suka ɗora faifan CD a kansa lokacin da ya fito a 1982, ya riga ya rufe duk abin da mutum ke iya ji. Harkar bidiyo da talabijin kuwa a kan 48,000 ta tsaya.

Ƙarancin awo yana da illa, kowa ya san muryar tsohon layin tarho mai awo 8,000, inda "s" da "f" ke rikicewa. Amma daga 48,000 zuwa 192,000 abin da aka ƙaro sauti ne na jemage, kuma yawancin makirfo ma 20,000 aka rubuta iyakarsu. Nauyin dai kai za ka ɗauka. Minti ɗaya na murya ɗaya a 48kHz da bit 24 yana cin kusan megabait 8.6, a 192kHz ya haura 34. Ka lissafa waƙa mai layi talatin na kiɗa da amshi, ko tafsirin azumi na wata guda, a kan laftof ɗan gwanjo. Nan da nan sauti zai fara tsinkewa yana ƙas-ƙas. Mai buƙatar 96kHz da gaske shi ne irin wanda zai ja sauti ya rage masa gudu sosai don ƙawata fim.

Lamba ta biyu, wato bit, ita ce ta fi cancantar a tsaya a kanta. Tana faɗin yawan matakan da ake da su wajen rubuta kowane awo. Bit 16 na ba da matakai 65,536, bit 24 kuma sama da miliyan 16. Kowane bit ɗaya yana ƙara tazarar kusan desibel 6 tsakanin sauti mafi ƙarfi da shuuu ɗin da ke kwance a ƙasa, don haka bit 16 ya kai desibel 96, bit 24 kuma 144 a takarda. A takarda na ce, domin kayan lantarkin da ke cikin akwatin su ma suna da tasu hayaniyar, kuma masu kyau ne ke kaiwa 110 zuwa 120. Na araha kan rubuta 24 a kwali alhali abin da ke fita bai fi na 16 tsabta ba.

To mene ne amfanin 24? Sarari. Lambobi suna da rufi, shi ne sifili a ma'aunin manhaja. Da zarar murya ta buge shi, jar fitila ta kama, kan sautin ya gutsure, kuma gyaransa sai dai dabara, ba ya komawa daidai. Mawaƙi yana tafiya a hankali sai ya ɗaga murya a amshi, mai wa'azi yana cikin natsuwa sai ya zabura; nan ake asara. Da bit 24 kana iya rage maɓallin ƙarfi, ka bar murya tana yawo tsakanin desibel -18 da -12, ƙololuwarta kar ta wuce -6, daga baya ka ɗaga ta ba tare da shuuu ya biyo ta ba. Al'adar nan ta murɗa maɓalli har sai fitila ta fara ja, wai don waƙa ta yi ƙarfi, ta fi kowace lamba lalata aiki.

Akwai tarkon da ke kama har waɗanda suka daɗe a sana'ar. Ka naɗi murya a 44.1, mai tace fim ya jefa ta cikin aikin 48, in manhajarsa ba ta juya ta da kanta ba sai ta ƙara gudu da kusan kashi 9 cikin ɗari, ta sirance, baki da magana su rabu. Shi ya sa duk abin da zai hau bidiyo a fara shi a 48 tun farko. A duba kuma wuri uku su yi daidai: saitin sauti na Windows, direban saun kad ɗin, da manhajar naɗi, ko FL Studio ce ko Cubase ko Audacity. In kamfanin ya yi direban ASIO nasa, shi za a sa, domin ta hanyar da aka saba Windows na iya juya awon a ɓoye.

Wani ruɗin shi ne ganin "32-bit float" a manhaja. Wannan lissafin cikin kwamfuta ne, ba ya ƙara wa akwatinka komai. Misali, saun kad ɗin Behringer UM2 bit 16 ne, iyakarsa 48kHz, ko me ka zaɓa a allo, kuma abin da ya fashe a bakin shiga ya fashe. Na'urorin da ke naɗar 32 na gaskiya, irin Zoom F3, ƙirarsu daban ce. Haka 48V da ke jikin akwatin: wutar da makirfo kwandensa ke buƙata ce, babu ruwanta da 48kHz.

Sannan ɗakin kansa. Fanka na juyawa, janaretan maƙwabci na ruri, adaidaita sahu na wucewa, bangon siminti da tayil na dawo da murya. Naɗin bit 24 a irin wannan wuri kamar auna zinari ne da sikelin maƙerin farfaru a tsakiyar guguwa. In ka ji wani gurnani mai kauri a ƙasan murya, sau da yawa na wutar gida ne mai girgiza 50 a sakan. Zare cajar laftof ka saurara, in ya ɗauke ka gano ɓarawon. Kuɗin da za a ƙara don 192kHz ya fi amfani a kan labule mai kauri, kafet, waya mai kyau mai baki uku, da matsar da baki kusa da makirfo kamar taƙi guda.

In an gama, a ajiye asalin aikin a WAV, a fitar da MP3 daban don rabawa. Kuma in za ka tura wa mai haɗa kiɗa ta WhatsApp, tura shi a matsayin fayil ɗin takarda. Saƙon murya matse shi ake yi, kuma abin da matsi ya zubar ba ya dawowa ko da an sake juya shi WAV.