Kafin A Sa Gida A Kasuwa A Mubi

Duk mai niyyar sayar da gidansa a Mubi yakan fara da kiran magini, a toshe tsagar bango, a gyara indararo, a shafa fenti. To, madalla. Amma mai saye ba bango yake fara dubawa ba, takarda yake tambaya. Lokacin da 'yan Boko Haram suka mamaye garin a watan Oktoba na 2014, jama'a sun fita ba shiri, wasu ko takardun gidajensu ba su ɗauka ba. Wanda tasa ta salwanta, sai ya nemi shaidar mai unguwa da maƙwabta a kan iyaka tun dillali bai shigo ba. In gidan gado ne kuwa, magaji ɗaya da bai sa hannu ba ya isa ya kai cinikin gaban alƙali.