INA ILMIN FASAHA YA DOSA A ƘASAR SULE TANKARKAR?

Daga Wakilinmu

Duk wanda ya ratsa ƙasar Sule Tankarkar da rani zai ga tankunan ruwa a bakin garuruwa, da allunan sola a gefensu suna fuskantar rana. Ƙasa ce mai rairayi, ruwanta kuwa da nisa, saboda haka waɗannan rijiyoyin burtsatse sun sauƙaƙa wa jama'a wahalar jan guga ƙwarai da gaske. To, amma ran da famfo ya tsaya, sau da yawa sai mata da yara su koma tsohuwar rijiya har a samo mai gyara daga Gumel ko Kano. Ga kuwa samarin da suka karanta kimiyya a sakandare nan zaune a gari, amma ba su taɓa riƙe ma'aunin lantarki da hannunsu ba.

Wannan matsala tana da tarihi. A shekarar 1977 aka fito da Manufar Ilmi ta Ƙasa, wadda ta haifi tsarin nan na 6-3-3-4 da aka soma aiki da shi a 1982. Nufin tsarin shi ne kowane yaro a ƙaramar sakandare ya ɗanɗana aikin katako, da na ƙarfe, da lantarki, da zanen injiniya. Gwamnatin Tarayya ta sayo injuna masu ɗimbin yawa daga ƙasashen Gabashin Turai, irin su Bulgeriya, aka rarraba wa makarantu. Sai dai a wurare da yawa babu wutar lantarki, babu ɗakin aiki, babu kuma malamin da ya san kan injin. Haka kayan suka yi tsatsa cikin akwatunansu, yara kuwa suka riƙa haddace sunan zarto daga allo.

A wannan shekara ta 1977 kuma tsohuwar Jihar Kano, wadda Masarautar Gumel ke cikinta har zuwa ƙirƙiro Jihar Jigawa a 1991, ta buɗe makarantun kimiyya a Dawakin Tofa da Dawakin Kudu. An zaɓi ɗalibai da jarrabawa, an nemo malamai, an gina ɗakunan gwaje-gwaje, sa'an nan aka soma karatu. Likitoci da injiniyoyin da suka fito daga can sun isa shaida. Darasin a fili yake, watau malami da ɗakin aiki su ne a gaba, inji yana biye.

Yanzu ga wata dama ta sake samuwa. A shekarar 2021 Gwamnatin Tarayya ta kafa Jami'ar Fasaha a Babura, maƙwabciyar Sule Tankarkar. Bugu da ƙari, sabuwar manhajar karatu da aka bayyana a 2025 ta tanadi darussan sana'a guda 6, cikinsu har da haɗa sola da gyaranta, da gyaran kwamfuta da wayar hannu, da kiwon dabbobi. Tambayar ita ce, za a koyar da su ne a gefe guda, kamar aikin waɗanda karatu ya gagara, ko kuwa za a cuɗa su da darasin kimiyya da lissafi?

Haƙiƙa cuɗawar ita ta fi dacewa, kuma kayan aikinta suna nan a ƙofar gida. Rijiyar sola guda ta isa aji sukutum: a kanta yaro zai auna ƙarfin wutar da allo ke bayarwa da hantsi da kuma la'asar, ya ga yadda ƙurar hunturu ke rage ta, ya lissafta litar ruwan da famfo ke ɗagowa cikin sa'a ɗaya. Haka nan riɗi da zoɓon da manoman yankin ke nomawa, ana kai su kasuwar Maigatari ta ran Alhamis, suna bukatar injin shiƙa da rumfar shanya mai tsabta. Ɗalibin da ya zana irin wannan inji, ya kai wa maƙerin garinsu suka ƙera tare, ya riga ya sa ƙafa a aikin injiniya.

Amma duk wannan ba zai yiwu ba sai da malami. Nauyin nan kuwa ya rataya a wuyan Kwalejin Ilmi ta Gumel, wadda ke horar da malamai tun zamanin tsohuwar Jihar Kano. Ya kamata malamin kimiyya ya fito daga can ya iya riƙe sifana kamar yadda ya iya riƙe alli, a kuma ba shi abin da zai sa ya zauna a Ɗanzomo ko Jeke ba tare da ya riƙa hangen birni ba. 'Yan mata ma kada a bar su a baya, domin su ne farkon masu shan wahala in famfo ya lalace.

Hausawa sun ce ba a fafe gora ranar tafiya. Saboda haka muna kira ga hukumomin ilmi, da ƙaramar hukuma, da iyayen yara, su tanadi malami da ɗakin aiki tun kafin a sayo inji ko ɗaya, don kada abin da ya faru bayan 1982 ya sake aukuwa.